Ɓatan Kifin Malam Tafki

An saci akuya a unguwar nan, an saci babur, an taɓa ma cire ƙyauren banɗaki da mai gidan a ciki. Amma ranar Talatar nan ce aka fara jin satar kifin da ya mutu tun ba a yi mutane ba.

Kafin Ido-Ƙasa ya iso, lungun ya cika maƙil. Shi ne mai bin sawun unguwar, duk wanda abinsa ya yi ƙafa shi ake kira. Tun yana yaro kansa a sunkuye yake, shi ya sa sunan ya kama shi. Takalmin kowa ya sani, fuska ce ke ba shi wahala. Ya tsaya a bakin lungu, ya ga silifa a kan silifa, ya riƙe ƙugu.

"Sannunku da aiki, jama'a. Akwai wanda bai taka ba tukuna? Ya zo ya taka, kada a bar shi a baya."

"Kai dai wuce, ana jiranka," in ji mai shayin bakin titi. "Kifin Malam ya yi iyo ya gudu."

Aka kwashe da dariya. Wata mata ta ce ai ba kifi ba ne, dutse ne. Wani ya ce to wa zai saci dutse, aka ce mahaukaci irin mai shi. Kowa na dariya, amma kowa na satar kallon maƙwabcinsa, don an ji ƙishin-ƙishin cewa 'yan ƙasashen waje suna rububin irin dutsen nan.

Malam Tafki ba sunansa ba ne, amma yanzu ko wasiƙa da shi ake kawo masa. Shekara talatin da suka wuce, yana koyar da labarin ƙasa, ya tsaya gaban allo ya ce wa yara garin nan kaf a ƙasan wani tsohon tafki yake zaune, tafkin ruwan daɗi, mai kifaye masu ɓawo kamar sulke. A garin da ake layin jarka tun asuba! Yara suka kai gida, iyaye suka kai wa shugaban makaranta, aka ce karatu ya taɓa masa kai. Ido-Ƙasa na ajin, a bencin baya, cikin masu kwaikwayon iyo da zarar Malam ya juya. Aka sallami Malam tun lokacinsa bai yi ba. Tun daga nan yake bin bayan katafila a ramin kamfanin bulo yana tsintar duwatsu, 'yan unguwa na tambayarsa ko ruwa ya kawo.

Sati uku da suka wuce ya samu kifin. Ya aika wa wata Dakta ta jami'a hotonsa, ta ce hoton bai nuna komai ba, za ta zo ta gani da idonta ranar Alhamis. Jibi ke nan. Likitan ido kuwa ya riga ya gaya masa ganin da ya rage masa na 'yan watanni ne. In Dakta ta zo ta ga kifi, mutumin nan zai mutu da hankalinsa a bakin mutane. In ba ta gani ba, shi ke nan, Malam Tafki har kabari.

Ɗakin Malam na ƙofar gida ne, ƙofarsa na kallon lungu. Malam na zaune a bakin gado, tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, hannuwa a kan gwiwa. Kwalaye da gwangwanaye cike da duwatsu, kowanne da 'yar takardarsa. A kusurwa siminti ya yi danshi, kamar inda aka ɗauke akwati.

"Wane ne?"

"Ni ne, Malam. Ɗalibinka."

"Wanne daga ciki? Duk muryarku ɗaya ce in kun zo ba'a."

"Na bencin baya."

"Mai iyo." Malam ya gyaɗa kai. "Allon nan yana da ƙyalli, ina ganinku duka. Shigo."

Ido-Ƙasa ya sosa ƙeya, ya tsuguna. "Faɗa min kamanninsa, Malam, kamar akuya ce ta ɓata."

"Tsawonsa daga yatsana zuwa kafaɗa. Baƙi ne, ɓawonsa na ƙyalli, kowanne mai kusurwa huɗu, a jere kamar an ɗinka. Haƙora ƙanana. Ƙayar bayansa duk tana nan har jela. A cikin laka yake, wadda ta daskare amma ba ta gama zama dutse ba. Da katafila ta tsaga ta, sai ta buɗe gida biyu kamar littafi. Na rufe shi yadda na same shi, na ɗaure da igiya, na sa a buhun algarara. Kullum da safe ina yayyafa masa ruwa. In ya bushe da sauri zai tsattsage, in ruwa ya yi yawa zai narke."

"Kai, Malam, wannan ai jinjiri ne."

"Jinjiri yana kuka in an ɗauke shi."

Jiya da safe ya yayyafa, ya kulle, ya tafi asibitin ido. Bai dawo ba sai yamma, an ɗiga masa magani, ya kwanta a cikin gida. Yau ya shigo da butarsa, sai da ya yayyafa wa siminti ruwa kafin ya gane babu komai a wurin.

Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Mukulli biyu ne, ɗaya a wuyan Malam, ɗaya a ƙusa a bayan ƙofar kicin, inda kowa zai iya miƙa hannu. Ƙasan ɗakin kuwa an share shi tas. Ido-Ƙasa ya yi tsaki. Ɓarawo mai tsintsiya! Wannan ya san akwai mai bin sawu a unguwar.

Auta na tsaye a bakin ƙofa, idanu sun kumbura. Ita ce 'yar Malam ta ƙarshe, tela ce, kekenta na cikin gida, ita ke riƙe da tsohon tun rasuwar uwarta.

"Auta, jiya ina kike?"

"Kan keke. Ƙararsa ba ta barin mutum ya ji komai."

"Wa ya shigo gidan?"

"Masu kawo ɗinki. Mata ne duka."

"Cikinsu akwai 'yar dambe?"

Ba ta yi dariya ba. Malam ne ya katse, ya ce mutum biyu yake zargi: Mai Magani na bakin kasuwa, wanda ya zo sau biyu yana roƙon a ɓallo masa jela, da Heluma, shugaban leburorin rami, wanda ya ce masa ya iya bakinsa.

Tun daga nesa Ido-Ƙasa ya jiyo lasifika. "Garin kifin dutse! Mai shekara dubu sau dubu! Ciwon baya, ciwon gwiwa, yawan mantuwa!" Mai Magani na kan tabarmarsa, ƙulle-ƙulle a gabansa tsibi guda, mutane sun yi da'ira. Ido-Ƙasa ya ce a ransa yau aiki ya zo da sauƙi. Ya tsuguna, ya kwance ƙulli ɗaya, ya shinshina, ya lasa, ya tofar.

"Likita, kifin nan naka ko wata bai yi da rasuwa ba. Har gishiri gare shi."

"Rage murya, ɗan'uwa."

"Busasshen kifi da alli?"

"Da ɗan toka, saboda launi." Mai Magani ya kashe lasifika. "Dube ni da kyau. Da na gaskiyar yana hannuna, zan zauna a rana ina daka kifin miya? Ɓatan nan ni ya fi cuta. Da Dakta ta zo ta ce kifi ne na gaske, ai da kasuwata ta buɗe har baɗi. Ni kaɗai ne a garin nan nake yi wa Malam addu'a tsakani da Allah."

Jiya kuwa yana cin kasuwa a wani gari tun safe har dare, direba da fasinja shida suka shaida. Ido-Ƙasa ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Ba ka da mai sa mantuwa? Ina so in manta na lasa."

Ramin kamfanin bulo na bayan gari. Katafila biyu na cizon bango, tifa na shiga na fita. Heluma ƙato ne, takalmin roba har gwiwa, usur a wuya.

"Ranka ya daɗe, an ce ka yi wa Malam barazana."

"Shawara na ba shi. Na ce ya rage hayaniya."

"Ka ga kifin?"

Heluma ya waiga ya dubi leburorinsa, ya ja shi bayan wata tifa. "Ina tsaye aka tsaga lakar. Ni na taya shi ɗauka. Kifi ne, har ramin ido. Kwana biyu na yi ina tunaninsa."

"To ka fito ka faɗa mana!"

"In faɗa, hukuma ta zo ta kewaye rami da waya ta ce wurin tarihi ne? Mutum arba'in ke ci a nan, kowanne da bakuna a gida. Ka je ka gaya wa 'ya'yansu kifi ne ya hana a ɗora tukunya."

"Shi ya sa ka sace."

"In yi me da sata?" Ya nuna gabas da haɓa. "A can aka same shi. A satin na sa katafila ta cinye bangon gaba ɗaya, don kada wani ya ƙara fitowa. Yanzu bulo ne, wasu ma an yi gini da su. Mene ne nawa na shiga ɗakin tsoho? Kuma ka gaya wa wani na ce na gani, in ce ƙarya kake."

Ido-Ƙasa ya dubi gabas. Babu bango, sai fili. Wato babu kifi na biyu ke nan. Direbobin tifa suka ce jiya Heluma bai bar rami ba ko don shan ruwa. Talata ta ƙare, hannu banza.

Laraba da sassafe ya koma. Mai bin sawu da ranar safe yake aiki, lokacin da haske ke zuwa a kwance, ko tafiyar tururuwa tana da inuwa. Ya wangale ƙofar ɗakin, ya kwanta rub da ciki, kunci a kan siminti.

Tsintsiyar ba tsakiyar ɗaki kawai ta bi ba. Ta shiga ƙarƙashin gado, ta zagaya bayan kwalaye, ta ciro ƙurar kusurwa. Ya ɗaga kai, abin da ba ya yawan yi. Babu yana ko ɗaya a rufi. Gilashin taga na sheƙi. Wane ɓarawo ne zai tsaya goge taga?

A ƙarƙashin sharar akwai wani layi mai faɗi daga kusurwa zuwa ƙofa. Jan buhun aka yi, ba ɗauka ba, kuma sau uku mai jan ya tsaya ya huta. A dokin ƙofa zaren algarara ya maƙale. A waje, dama da ƙofar, a inuwar bango, tabon laka toka-toka ya bushe. Gefen kwata kuwa, inda 'yan kallon jiya suka ƙi takawa saboda ƙazanta, taya ɗaya ta wuce. Ta zo sama-sama, ta tafi a nutse. Duk taku uku akwai alamar ƙulli, inda aka ɗaure tayar da roba.

Baro ɗaya ne a garin nan yake ɗingishi haka.

Da ya miƙe, ya hango ƙafafun Auta a bayan labulen ƙofar gida, yatsu sun ƙanƙame silifa. Ya kawar da kai, ya bi sawun tayar.

Mai Baro na bakin famfo yana ɗora jarkoki. Mutum ne shiru-shiru, wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

"Shekaranjiya ka ɗauki buhu a lungun Malam?"

"Na ɗauka. Yumɓun Inna mai tukwane."

"Wa ya ce maka yumɓunta ne?"

Mai Baro ya dube shi kamar ya tambaye shi wa ya ce ruwa na jiƙa. "Jiƙaƙƙen buhu a inuwar bango? Ai ba sai an faɗa ba. Masu haƙo mata yumɓu a lungun nan suke saukewa, duk inda inuwa take ranar. Ni kuma in na gani in ɗauka in kai. Shekara goma sha biyar haka muke yi, ba wanda ke tambayar wani. Wannan dai ya yi nauyi, ga shi da faɗi kamar allo. Har na ce masu haƙa sun fara gwaninta." Ya dakata. "Lafiya? Jiya na ji ana maganar kifi ya ɓata, na ce Allah ya sa kyanwa ce."

Ido-Ƙasa ya zura da gudu. Rabon da ya yi gudu irin wannan tun ranar da kare ya bi shi.

Gidan Inna na gangaren gari. Tsohuwa ce ƙarama, hannuwa kamar saiwa, ƙafa ɗaya a ɗaure da tsumma. Ya shigo yana haki.

"Inna, buhun shekaranjiya!"

"Kai ka aiko shi? Matso in ja kunnenka. Shekara hamsin ina ginin tukwane, ban taɓa ganin mugun yumɓu irin wannan ba."

"Kin buɗe shi?"

"In buɗe in ga me? Yumɓu a cikin buhunsa ake dandaƙa shi, ɗana, don kada ya watse. In ya zama gari a juye a rami, a zuba ruwa, ya kwana, a tattake." Ta nuna taɓarya a jingine da bango. "Da hantsi ya kawo, na bar shi nan sai da rana ta yi sanyi na daka. Ya ba ni wuya kuwa, sau biyu ina hutawa. Har da igiya a ciki, ka ji sakarci."

Ya zauna a kan turmi.

"Ga wata baƙar tsakuwa fal a ciki, ita ta yanke min ƙafa. Ɗaya bayan ɗaya na tsince, in ba haka ba tukunya fashewa take a wuta. Ga ta can a gwangwani, ban kai bola ba tukuna."

Ya zazzage gwangwanin madarar a tafin hannu. Baƙaƙe ne, masu ƙyalli, kowanne kusurwa huɗu, girman farcen jariri. Ya jera uku a kan gwiwarsa. Suka hau juna daidai, babu ko tsaga.

A inuwar rumfa ɗanyun tukwane shida na shan iska.

"Waɗannan ne?"

"Su ne. Da kyau dai sun yi kyau."

Ido-Ƙasa ya mayar da ɓawon cikin gwangwani. Da ya gaya mata abin da ta daka, Inna ta dubi taɓaryar, ta dubi hannunta, ta zauna a ƙasa daɓas.

Da la'asar ya tara su a ɗakin Malam. Mai Magani, Heluma, Mai Baro da hularsa a hannu, Inna da gwangwani a bakin zani. Auta a bakin ƙofa. Rabin unguwa a taga.

"Na saba in nuna mutum ɗaya in ce ga shi, a yi masa ihu kowa ya huce," in ji Ido-Ƙasa. "Yau sai ku yi haƙuri." Ya nuna Mai Magani. "Wannan maƙaryaci ne, amma ba ɓarawo ba."

"Na gode," in ji Mai Magani, har da dafa ƙirji.

"Wannan mai takalmin roba kuwa, abin da ya yi ya fi sata, amma da katafila ya yi shi, don haka sunansa aiki."

Heluma ya kalli rufi.

Sai ya faɗi sauran, a gajarce: buhu a inuwa, baro, taɓarya, rami, tukwane shida. Mai Baro na ta murza hula. Inna ta rarrafa ta sa gwangwanin a hannun Malam, tana cewa ya yafe mata, ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Malam ya zaro ɓawo ɗaya, ya shafa shi da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Na gefen ciki ne wannan," ya ce. "Sun fi ƙanƙanta."

"Saura abu ɗaya," in ji mai shayi daga taga. "Buhu dai ba ya tafiya. Wa ya fitar da shi waje?"

Tun safe Ido-Ƙasa ke neman hanyar tsallake tambayar nan. Ya buɗe baki zai ce a nan sawun ya ɓace.

"Ni ce, Baba."

Auta ta durƙusa a gaban gadon. "Ɗakin na wari, Baba. Bango ya yi baƙi, ga yana, ga ƙura. Na ce matar nan za ta taso daga jami'a ta shigo, ta ga ɗakin, ta yanke hukunci tun ba a kwance buhu ba, kamar yadda kowa yake yi. Na ce sau ɗaya dai wani ya shigo ya ga ɗakin malami. Na ja shi waje don in share. A inuwa na sa shi, wallahi a inuwa. Wata ta kira ni awo. Ko minti goma ban yi ba. Na fito babu shi. Na zaga lungu uku ina neman ɓarawo, na dawo na kasa buɗe baki."

"Da kin yi ihu a lokacin fa?" in ji wani daga waje.

"Da ba abin da zai canza," in ji Ido-Ƙasa da sauri. "Inna na karɓa ta daka."

Inna ta ɗago ta dube shi. Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, ba ta gyara masa ba.

Sai wata murya daga bayan taron ta ce, "Inna, a ajiye min tukunya ɗaya, tunda da kifinta ta zo!" Dariya ta tashi daga taga, ta bi lungu, ta fita titi. Kafin magariba za ta kai kasuwa.

Malam bai juya ba. Ya lalubo kan 'yarsa ya dafa.

"An ce har taga kin goge."

"E, Baba."

"Ban lura ba. Sannu da aiki."

Dakta ta iso Alhamis da hantsi. Mace ce mai kirki, takalminta na yawon daji ne, ya sha ƙura, Ido-Ƙasa ya yarda da ita tun daga nan. Ta zauna a ɗakin, ta ji labari ba ta yi dariya ba, ta zazzage gwangwanin a farar takarda, ta ciro madubin hannu. Ɓawo ashirin da uku, da rabin haƙori.

"Ɓawon kifi ne, Malam. Tsoho ne ƙwarai."

Malam ya gyara zama. "Na ruwan daɗi?"

"Ɓawo kaɗai ba zai faɗa min ba. Sai da kan kifin, da fiffike, da lakar da ya kwanta a ciki yadda take. Irin waɗannan ruwa na iya kwaso su daga ko'ina ya zubar. Ina da akwati guda nasu a ofis."

Aka sake nuna mata hoton a wayar Auta. Ta juya shi sama, ta juya ƙasa, abin dai kamar sawun taya a laka. Ta ce to a kai ta inda aka same shi.

Aka kai ta. Heluma ya hura usur, katafila ta tsaya, leburori suka jingina da cebur suna kallo. Malam ya taka har tsakiyar filin, ya ƙirga takunsa, ya juya, ya ɗaga sanda ya nuna iska, can sama da kansa.

"Nan yake."

Dakta ta dubi iskar, saboda ladabi. Ta rubuta wani abu.

"Ban da kai da 'yarka, akwai wanda ya gan shi cikakke? Ko zane ya yi min, in sa sunansa a matsayin shaida. Ba zai isa hujja ba, amma zan iya neman a dakatar da haƙa na sati ɗaya in duba."

Mutum arba'in suka dubi Heluma. Heluma ya samu abin dubawa a tayar tifa.

"Ni duwatsu nake gani kullum, ranki ya daɗe. Ban lura ba."

Ido-Ƙasa ya yi gyaran murya. Tsawo, haƙora, ƙaya, jela, duk yana da su a kai. Zai iya zana shi a ƙasa yanzu da tsinke, ba wanda zai gane.

"Dakta, ni na..."

"A'a." Malam bai ko waiwayo ba. "Ba ka gan shi ba. Sau uku na aika ka zo ka gani, ka ce a gaya min kai ba ka cin kifi."

"Malam, don Allah, sati ɗaya ne fa."

"Shekara talatin ana ce min mahaukaci. Ba a taɓa ce min maƙaryaci ba. Ku bar min wannan."

Dakta ta rufe littafinta. Ta ba Auta katinta, ta ce in wani ya fito a kira ta ko da wane lokaci ne, ta riƙe hannun Malam da hannu biyu. Motarta ba ta gama hawa gangaren ba usur ya tashi, katafila ta ci gaba da cin abincinta.

"Riƙe ni," in ji Malam. "Ba na ganin hanyar."

Ido-Ƙasa ya kama gwiwar hannunsa, suka fara hawa a hankali, Auta na biye da gwangwani. Tifa ta wuce su a cike, ta bar su cikin ƙura. A saman gangaren Malam ya tsaya yana mayar da numfashi.

"Na ji direbobi na cewa gobe za su fara bangon kudu. Ka zo ka ɗauke ni. Ni in tsaya, kai ka duba min."

Ido-Ƙasa ya juya ya dubi bangon kudu. Yashi ne zalla daga sama har ƙasa, ko ɗigon laka babu.

"To, Malam," ya ce. "Ƙarfe nawa?"